Zabirar Nomau Wanzami

Ni ne na yi kuskure, ba Nomau wanzami ba. Gara in faɗi wannan tun da fari, don na san halinku, kafin in kai tsakiyar labari wani zai tuna ana jiransa a gida. Ku da kuka fito daga lakol, wato makarantar boko, da farar riga mai guga, in kun ga tsohon anfirme, malamin asibiti irina, ya daɗe a kan ɗan kullutu, yana dannawa yana saki, sai ku haɗa ido kuna murmushi. Ina ganinku. Jiya ma wani cikinku ya ce mini, "Baba Isuhu, wannan ai aikin minti biyar ne." Ni ma na taɓa faɗin haka, lokacin ina da gashi a ka da ƙarfin tsiya a baki.

Ni ɗan manoman gero da gujiya ne daga kwarin Maraɗi. Shekara shida na yi a lakol, ba don ƙwazo ba, mai gari ne ya rasa yaron da zai ba Nasara ya nuna ni. Daga nan aka kai ni Yamai koyon aikin anfirme. Shekarar farko ban taɓa mara lafiya ba, tukunya ce abokiyata. In dafa kayan aiki, in jera su a faranti, in wanke jini, in sake dafawa. Likitan da muke ƙarƙashinsa ba ya koyarwa da baki. In ka miƙa masa abin da bai nema ba, sai ya sake shi ƙasa ya miƙo hannu yana jira. Ɗinki kuwa a fatar akuya na koya, wadda mahauta suka feɗe da safe. Na ɗinke awaki da yawa, ba wadda ta kai ƙarata.

Da aka turo ni Dakoro, Nasara ba su daɗe da kafa bariki ba. Gidan likita ɗaki biyu ne na ƙasa, da rumfa a gaba. Kayan aikina duka akwatin ƙarfe ɗaya ya ɗauke su: wuƙar fiɗa da muke kira bisturi, hantsaki huɗu na kama jijiya, ɗaya cikinsu ba ya kullewa sai an lallashe shi, allurai masu lanƙwasa, zaren ɗinki, auduga da jan magani. Babban likita yana Maraɗi, yana zuwa in kamyo, babbar motar kaya, ya yarda. Sauran kwanaki ni ne sarki ni ne dogari. Makiyayi zai kawo ƙafar da ƙaya ta shiga tun watan jiya. Mai raƙumi zai ƙi ƙwaya, shi allura yake so, kuma wadda ta fi zafi. Tsohuwa za ta karɓi maganin kwana bakwai ta je ta raba wa jikoki kamar alewa.

Aikin da ya kumbura mini kai na Ɗan Bawa mahauci ne. Kullutun kitse gare shi a ƙeya, girman goruba, har hula ba ta zama masa daidai. Na tsaga fata, na zura yatsa na kewaye shi, ya fito sumul kamar an ɓare dafaffen ƙwai. Jinin bai cika cokali ba. Ɗinki biyar na yi. Ɗan Bawa ya karɓi abin ya auna a tafin hannu, ya ce, "Lokotoro, da na rago ne wallahi da na kasa shi a faifai." Ya koma mahauta ya yi mini shela. Tun daga ranar aka fara kirana Lokotoro, wato likita. Ni anfirme ne, amma ban gyara wa kowa ba.

Mutum ɗaya ne bai kira ni haka ba. Nomau wanzami, wani tsoho siriri mai zama gindin aduwa a bakin kasuwa. Shi ɗan lakol yake ce mini. Zabirarsa ta kakansa ce, fatar ta yi baƙi don shan hannu. A ciki akwai asake, ƙahoni, ƴar tsaga, ƙunshin garin bagaruwa, da ƙwaryar zaren kaɗi. Shi ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke ƙaho da sakiya. Kowa sai ya bi ta wurinsa kafin ya iso ni. Wasu ma shi ke turo su, yana cewa, "Je wurin ɗan lakol, shi ke da allura." Wannan ma haushi yake ba ni, kamar ragowar tuwo yake aiko mini.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda yake duba kullutu. Zai ɗora yatsa, ya rufe ido, ya yi tsit. Wani lokaci ya kara kunne kamar mai satar jin hirar maƙwabta. Wasu ya fasa su nan take, wasu ya ce a tashi a tafi, kada a taɓa. Na ɗauka tsoro ne, ko kasalar tsufa.

Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, wata Bafulatana mai suna Altine ta shigo da goyo. Mijinta makiyayi ne daga wajen Azagor. Tari ne ya kawo su. Da ta sauko da yarinyar, Fatu, ƴar wata biyar, sai na manta da tarin. A kumatunta na hagu akwai wani tudu ja wur, kamar an manna mata ɓarin jan goro. Uwar ta ce da aka haife ta ɗigo ne kamar cizon sauro.

"Wa ya duba?" na tambaye ta.

"Baba Nomau."

"Me ya ba ki?"

"Bai ba ni komi ba. Cewa ya yi kada a taɓa."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata ƴar igiya, an ƙulla mata guntayen zare huɗu suna reto, kowane ya ɗan ɗara na kusa da shi tsawo. Ta ce duk tsayuwar wata take kai masa yarinyar, ya ɗora zare a kan abin, ya yanke, ya ƙulla a jikin igiyar. Ban tsaya jin ƙarshen zancen ba. Idona ya ga zare da ƙulli, kaina ya ce laya ce. Wanda ya yi shekara shida a lakol, in ya ga abin da ba a rubuta da alli ba, ai ya gama yanke hukunci.

Na karɓe igiyar na fita da farar rigata, Altine tana bina da goyo. Kasuwa ta cika, Nomau yana tsakiyar yi wa wani aski. Na ɗaga igiyar sama, na buɗe murya iya ƙarfina.

"Jama'a, ku zo ku gani! Ciwo yana cin fuskar yarinya, shi yana ƙulla mata zare. Matsubbaci! Matsoraci! Ya kasa aiki, ya hana a kawo wa masu iyawa!"

Nomau bai ɗaga askarsa daga kan mutumin ba. Ya ce, "Ɗan lakol, ka karya kumallo kuwa? Sai mai yunwa ke faɗa da hantsi haka."

Kasuwa ta ɗauki dariya, har masu raƙuma can nesa suka waiwayo. Ya ƙarasa gefen kunnen da yake askewa, sannan ya dube ni.

"Ba ta abinta," in ji shi. "Abin ga zai ƙara girma kaɗan, sannan ya tsaya. In tsakiyarsa ta fara yin toka-toka, ya kama hanyar gida ke nan. Kafin ɗiyar ga ta yi famfara sai an nema. In ka sa masa wuƙa, ko ta zubar da jinin da ba ta da shi, ko ka bar mata tabon da za ta kai ɗakin miji."

Altine ta fizge igiyarta daga hannuna. Na ce mata ta kawo yarinyar jibi in cire abin. Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa mahaukaci don ya ba da hanya.

Na daɗe ina gaya wa kaina dariyar kasuwa ce ta rubuta takardar. Ƙarya ne, hannuna ne. Na zauna na rubuta wa kumandan, Nasaran da ke mulkin bariki, da Faransancina mai ɗingishi cewa akwai wani wanzami da ke ɗaura wa marasa lafiya layu yana hana su zuwa likita. Kumandan bai tambayi kowa ba. Kashegari ya aika gardi, ɗan sandan bariki, ya karɓo zabirar, ya kuma ce kada a sake ganin Nomau da aska a kasuwa. Gardin da kansa ya ba ni labari, ya ce da hannu biyu tsohon ya miƙa ta, ya ce, "Ka faɗa wa ɗan lakol a riƙa shafa wa asaken mai. Iskar damina tana sa tsatsa."

Kumandan ya ce a kawo mini zabirar in ƙone. Na kai ta bayan ɗaki, na tara kara, na ƙyasta ashana uku, duk iska ta kashe. Na ce sai gobe. Na cusa ta ƙarƙashin kanta a ɗakin magani, bayan kwalaben da ba komai a ciki. Jibi ta yi, Altine ba ta zo ba. Ruwan farko ya sauka, sun bi shanu arewa. Na riƙa gaya wa duk mai saurare cewa Nomau ya halaka yarinyar mutane.

Ku yara ba ku san abin da zabira take ba. Wanzamin da ba shi da ita ba a kiransa suna, ba a kiransa kaciya, ba a ajiye masa kason nama. Gidajen da kakansa ya yi wa aski suka koma kiran wani wanzami daga Rumbu. Maƙeri ya ce zai ƙera masa sababbin asake a ɓoye, ya ce a'a, ba a gadon zabira sau biyu. Ya koma gonarsa ta gero, da shekarunsa, yana aske kan maƙwabta a zaure da askar aro.

A daminar nan ruwa ya cinye hanyar Maraɗi, kamyo ya yi wata biyu bai zo ba. Cikin kwanakin ne Agali ya shigo, wani Buzu mai dakon kaya da raƙuma, shi da ƙaninsa. Ya ce ƙanin ya jira a rumfa, ya rufe ƙofa, sannan ya warware rawaninsa, abin da ba ya yi gaban kowa. Sama da kunnensa na dama akwai kullutu girman goruba, mai laushi.

"Lokotoro, kuka yake yi mini a kunne, kamar iska cikin rijiya," ya ce. "Bara na kai wa wanzami, ya ƙi taɓawa."

Jin wanzami ya ƙi, ni ya ishe ni dalili. Na taɓa da yatsa ɗaya, na ji ɗumi, na ji kamar motsi, na ce yatsana ne. Ban kara kunne ba, don kada in yi kama da Nomau. Na tuna ƙeyar Ɗan Bawa, na dafa kayana, na aske wurin, na shafa jan magani.

Tsagar da na yi ba ta wuce gaɓar yatsa ba. Jini ya tsartu har bango. Ba gangarowa yake ba, tsalle yake, yana tsayawa yana tashi. Na kama da hantsaki ɗaya, gefensa ya ɓalle. Na kama da na biyu, da na uku. Na huɗu ya ƙi kullewa, ranar kuwa ba ni da lokacin lallashi. Auduga ta jiƙe, farar rigata ta zama ta mahauci. Agali, da na rufe wa fuska da ƙyalle, ya ce, "Lokotoro, ruwa ake yi ne?" Na ce masa yayyafi ne. Can sai ya daina magana, leɓensa ya fara fari.

Ƙanin ya leƙo, ya ga bango, bai tambaye ni komai ba ya ruga. Ba a jima ba sai ga Nomau, taɓon gona har ƙwauri. Bai yi sallama ba. Ya wanke hannu da sabuluna, ya zo ya durƙusa. Ko kallon raunin bai yi ba. Ya lalubi gaban kunnen Agali, ya danna babban yatsa a kan ƙashi. Ya kai ɗayan hannun bayan kunnen ya danna. Jinin ya daina tsalle, ya koma tsattsafowa.

"Ɗan lakol, ba bakin rijiya ake toshewa ba, idon ruwan ake nema," ya ce. "Share ka gani. Yanzu yi abin da aka koya maka, ni ban iya ɗinki ba."

Na share. A ƙarƙashin fatar jijiyoyi ne a cukurkuɗe kamar igiyar guga da aka watsar bakin rijiya. Na nemo wadda na yanka na ɗaure ta sama da ƙasa, na ɗaure ta kusa da ita, na ɗinke fatar, na bar kullutun inda Allah ya ajiye shi. Na ce ya saki. Ya ce tukuna. Muka ɗaga ƙafafun Agali a kan akwati, ƙanin yana ɗura masa ruwa da sukari kaɗan-kaɗan. Tun hantsi tsohon nan yake durƙushe, hannu biyu a kan mutum, har aka kira azahar bai motsa ba.

"Tunda muna zaune ba aikin yi," in ji shi, "bari in ba ka karatun da aka manta a Yamai. Na kitse, irin na mahaucinka, ko uwar gida ta iya cire shi. Na jini iri uku ne. Akwai mai zuwa da jariri, ja, shina girma da gaggawa kamar baƙo mai yawan ci. A ƙyale shi, zai ƙoshi ya tafi. Sai fa in ya rufe ido ko hanci, ko ya fashe, nan a nemi wanda ya fi ni ya fi ka. Akwai shuɗi mai laushi, ka danna ya lotsa, ka saki ya cika, in mutum ya sunkuya ya kumbura. Ba a yi masa ƙaho, ba a yi masa sakiya. Sannan akwai mai numfashi. Ka sa yatsa ka ji shina bugawa, ka kara kunne ka ji shina huci. Wannan ko gaisuwa daga nesa ake yi masa."

"Wa ya koya maka?" na tambaye shi.

"Kakana ya yanka ɗaya. Babana ne ya riƙe kan mutumin har ya cika. Ba mu sake ba."

Da ya saki, jini bai biyo ba. Yatsan nasa ya ƙage, ya kasa miƙewa, haka ya yi alwala da shi a lanƙwashe. Kafin nan rumfa ta cika da mutane, don labarin jini ba ya jiran kamyo. Na tsaya bakin ƙofa ina jiran ya rama abin da na yi masa gindin aduwa. Ya dubi jama'a ya ce, "Lokotoro ya yi ɗinki mai kyau. Ni riƙo kawai na yi masa." Ya ɗauki hauyarsa ya koma gona. Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da ya kira ni Lokotoro.

Agali ya tashi. Rawani ya rufe kullutun, ya rufe aikina. Duk shekara in ya shigo Dakoro sai ya leƙo ya dafa gefen kansa ya ce, "Mutuminka shina gaishe ka." Da hanya ta buɗe babban likita ya zo, na ba shi rabin labarin. Ya ɗora abin sauraronsa a kan kullutun, ya rufe ido, ya yi tsit, sak Nomau. Sannan ya maimaita mini karatun tsohon da Faransanci, ya ƙara da cewa ko a babban asibiti ba a shiga irin wannan sai an fara ɗaure jijiyoyin da ke ciyar da shi.

Ranar da Agali ya tashi ya kamata in maida zabirar. Ban maida ba. Maida ta yana nufin in tsaya gaban kumandan in ce takardata ƙarya ce, in kuma tsaya gaban kasuwa in ce Lokotoro bai san abin da wanzami ya sani ba. Sai na yi abin da matsorata ke yi. Na tsawaita masa gaisuwa in mun haɗu. Na riƙa aika masa goro da salla. Yana karɓa, yana sa albarka, bai taɓa tambayata zabira ba. Duk faɗuwar damina nakan rufe ƙofa in jawo ta daga ƙarƙashin kanta in shafa wa asaken mai, in mayar. Haka aka yi shekara shida.

Cikin shekarun nan na koyi aikin da ya fi kowane wuya a sana'ar nan, wato maida bisturi cikin akwati. Uwa za ta kawo jariri da jan tudu a goshi, tana roƙo, kaka tana bayanta tana cewa dangin miji sun fara magana. Ka duba, ka danna, ka saurara, ka ce a dawo wata mai zuwa. Za su fita suna cewa Lokotoro ya zama malalaci. Wanda ka yanka zai nuna tabonsa a kasuwa ya yi maka shela. Wanda ka ƙi yanka ba shi da abin nunawa. Ladan sana'ar ke nan, fuskar da ba ta da alamarka ko ɗaya. Daga baya na yi shekaru ina riƙe wa manyan likitoci hantsaki a Maraɗi, na ga an fitar da irin na Agali lafiya, na ga mutum ya tashi ya ce kukan kunnensa ya yi shiru. Akwai daɗi. Amma wanda ya fi tsaya mini shi ne wanda zan ba ku yanzu.

Wani rani, ana sauran kaɗan Nasara su naɗe tabarmarsu, shanu sun gangaro rijiyoyin Dakoro. Wata mata ta shigo da ƙwaryar man shanu a ka, wata yarinya mai giɓin famfara tana riƙe da zanenta.

"Ba ka gane ta ba, Lokotoro?" ta ce. "Ita ce wadda za ka yanka jibi."

Altine ce. Na juya fuskar Fatu wajen haske. Sai da na duba sau biyu na ga wurin, ɗan fari-fari, fatar ta ɗan fi laushi. Yarinyar ta yi mini gwalo ta giɓin haƙoranta.

"Man ba naka ba ne, kada ka sa rai," in ji Altine. "Na Baba Nomau ne. Na je gindin aduwa ban gan shi ba. Ya rasu ne?"

"Yana nan."

"To mi ya tashe shi?"

Na shiga gyara kwalaben da ke a gyare. Ita kuwa ta kwance bakin zane ta fito da igiyar nan, ta yi baƙi don hayaƙi. Ta ce da suka yi nisa ita ta ci gaba da awon da kanta, yadda ta ga yana yi, da fari duk wata, daga baya duk salla. Na shimfiɗa ta a kan tebur na jera zarurrukan. Suna ƙara tsawo, suna ƙarawa, har suka tsaya daidai wa daida, sannan suka fara gajarta. Na ƙarshe bai fi ƙwayar gero ba. A Yamai muna rataye wa kowane mara lafiya takarda a ƙafar gado, mu ja layin zazzaɓinsa yana hawa yana sauka. Na ja irinsa ba iyaka. Ga shi nan a gabana tun shekara shida, na kasa karantawa don da zare aka rubuta.

Kashegari na sa kaki na tafi bariki. Kumandan na uku ne tun bayan wancan. Na tsaya ƙyam na ce masa takardar da na rubuta a kan wanzami ƙarya ce, ina roƙon a janye hukuncin. Ya ce, "Wane wanzami?" Ya sa magatakarda ya duba. Aka jawo akwatin takardun shekarar, aka buɗe, gara ta maida su gari. Gardin da ya karɓo zabirar ya daɗe da komawa garinsu. Kumandan ya ce shi bai hana kowa aski ba, in ba ni da wata magana yana da aiki. Na fito na tsaya cikin rana. Ashe tun tuni ba Nasara a tsakanin Nomau da zabirarsa, ni kaɗai ne.

To ku masu minti biyar, kafin ku ɗauki wuƙa ku sa yatsa, ku kara kunne, ko da wani zai yi muku murmushi. In kuma kun zalunci mutum, kada ku tsaya aika goro.

Ranar kasuwa Nomau yakan zauna rumfar wani mai goro, yana hangen aduwarsa. Na sa farar rigar nan, na rataya zabirar a kafaɗa, na ratsa tsakiyar kasuwa. Ɗan Bawa ya gan ni ya ajiye wuƙa ya biyo ni, wasu suka biyo shi. Na tarar Altine ta riga ni, man shanun yana gaban tsohon, yana shafa kumatun Fatu da yatsan nan nasa. Na tuɓe takalmi, na cire hula, na durƙusa, na miƙa masa zabirar da hannu biyu.

"A'a, ɗan lakol," ya ce, "aski ka zo?"

Ya buɗe ta a hankali. Ya zaro aska ɗaya. Ya gwada kaifinta a farce, ya shinshina.

"Ka shafa mata mai."

"Na shafa, Baba."

"To hannunka ya riga bakinka tuba da shekara shida. Saura bakin."

Na sunkuyar da kai na fara magana ƙasa-ƙasa. Ya kara tafin hannu a kunne, irin yadda yake yi wa kullutu.

"Mi ka ce? Kunnen ga ya yi nauyi. Ranar da ka kira ni matsubbaci ai har masu raƙuma sun ji."

Na miƙe tsaye, na juya ga kasuwa, na buɗe murya iya ƙarfina kamar wancan karon.

"Jama'a, ku zo ku ji! Ni Isuhu anfirme, ba lokotoro ba ne. A nan na kira Baba Nomau matsubbaci, na yi masa ƙarya wurin kumandan, na ɓoye zabirarsa shekara shida. Ga yarinyar da na so yankawa, ku dubi fuskarta. Agali kuma ni na kusa kashe shi, yatsan tsohon nan ne ya riƙe ransa. Shi ya sani, ni ban sani ba."

Na sake durƙusawa gabansa, na ce, "Baba, na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."